Jiƙaƙƙen Tsumma a Kan Kwayil

Motata ta girmi ɗan farina. A-kori-kura ce ƙirar Faransa, irin wadda giyarta ke jikin sitiyari, a da shuɗiya, yanzu kuwa ba ni da sunan da zan ba launinta. Na saye ta hannun wani falken shanu lokacin da nake ji da kaina a kan keken ɗinki, ana cika ƙofar shagona in salla ta gabato. Yau idona ya gaji, zare ya daina shiga mini allura, na rufe shago, amma motar tana nan. Duk unguwarmu ta Boutalbagar an san ƙararta, kuma an san ba na son a ce in sayar da ita.

Kakana ya baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar aikin hajji. Da ya iso bakin kogin Shari sai ya tsaya neman guzuri, guzurin da bai cika ba har Allah ya karɓi abinsa. Nan aka haifi ubana, nan aka haife ni. A cikin gida da Hausa muka tashi, in an fita waje sai Larabci. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini, jikokina kuwa ko jin ma ba sa yi. Mai ɗakina ce kaɗai ta rage da nake faɗa da ita da harshen da aka yi mini faɗa ina yaro. Da ta rasu, sai gidan ya yi tsit. Nakan wuni ban furta Hausa ba sai in na yi tuntuɓe. Sa'o'ina da muke zama a ƙofar masallaci wasu sun riga mu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa sababbin gidajen Gassi, inda zuwa gaisuwa kaɗai sai ya cinye maka yini a cikin bas. Ba zan ɓoye ba, kaɗaici ya ci ni a shekarar nan, har na fara yi wa akuya magana.

Ina da 'yar gona a Toukra, can hayin kogi, kuɓewa da yakuwa, ba abin a zo a gani ba. Litinin da Alhamis nake zuwa, ba don amfanin ba, don dai in bar gidan. A farkon bazarar da nake ba da labari kwayil ɗin motar ya mutu. Mu nan bobin muke ce masa, gwangwanin nan baƙi da ke tara wutar batir ya aika wa fulogi. Wani makaniken bakin hanya ya ɗaura mini wani da ya ciro daga wata mota, ya ce gwangwani ai gwangwani ne. Da safe kuwa ta riƙa tashi da bugu ɗaya, har na yi masa addu'a.

Ranar farko da na nufi gona, na sha cunkoson gada, na haye, na wuce kasuwar bakin titi, sai ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Na gangara da ita ƙarƙashin wata darbejiya kusa da wata rumfar zana. Na buɗe banet na tsaya ina kallon inji kamar wanda ya san abin da yake nema. Na kai hannu kan kwayil, ai kuwa sai na ji kamar na dafa tukunya a kan murhu.

"Wash! Allah ya isa tsakanina da ke!" na ce da ƙarfi.

Daga cikin rumfar sai wata murya ta ce, "Subhanallahi. Sannu, Malam. Ashe Bahaushe na?"

Wani dattijo ne dogo siriri, gemunsa fari, hularsa ta koɗe. Ƙanƙara yake sayarwa, manyan sanduna a binne cikin garin katako, an lulluɓe da buhuna. Ya ɗauko wani tsumma, ya tsoma a ruwan da ke tsiyaya daga gindin ƙanƙarar, ya zo ya naɗe kwayil ɗin da shi. Tsumman ya yi cuu. Ya ɗan jima yana duban wurin, ya sa yatsa ya shafa wasu ramuka biyu na sukurori da ke jikin ƙarfe dab da kwayil ɗin, ba komai a cikinsu. Ni dai ban kula ba. Ya koma ya warware tabarma.

"Zamna, Malam. Ƙarhe ba a yi mai gaugawa."

Na zauna. Daga bakinsa na gane mutumin Zamfara ne. Ya ce garinsu ya ƙi zamnuwa, iyali suka watse, matarsa tana wajen 'yarsu a Maraɗi, shi kuma wani ɗan ƙaninsa ya jawo shi nan ya kafa masa wannan sana'a. Larabcinsa bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, saboda haka shi ma wuni yake bakinsa a rufe, mutane suna nuna masa girman da suke so da hannu. Da tsumman ya bushe ya sake jiƙa shi, muka ci gaba. Can ya ce in gwada. Na murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba.

Ran Alhamis ta sake macewa, a wurin nan dai, ko kuskure babu. Ba sihiri ba ne, tafiyar ɗaya ce, cunkoson gadar ɗaya ne, ranar ma ɗaya ce, gwangwanin yana cika da zafi daidai inda ya saba. Na tarar ya riga ya miƙe da tsumma a hannu.

"Wagga mota ta san inuwa," ya ce.

Haka muka shiga. Ita ta mace, shi ya jiƙa tsumma, ni in zauna. Hirar ba ta wani abu ba ce. Yana yi wa Hausata dariya, wai ina magana awa kakatai, ina fito da kalmomin da tun yana yaro ya daina ji, sannan in yaɓa musu Larabci a gindi. In na ce watir maimakon mota sai ya dafe kai. Ni kuma in ce mutumin da ke cewa hwara da ƙarhe ba shi da bakin gyara wa wani. Na riƙa tambayarsa sunayen garuruwan da kakana yake ambata, ko suna nan. Yawanci ya san su, domin ya ce ya yi tuƙi a ƙuruciyarsa, ya ɗauki fasinja da buhuna a hanyoyin can. Da na ba shi labarin kakana, ya yi dariya har da tari.

"Kakanka ya tsaya rabin hanyar Makka, motakka ta tsaya rabin hanyar gona. Ku dai gidanku ba a isa. Alhajin rabin hanya!"

Sunan ya bi ni daga ranar. Da wani ne ya faɗa da mun ɓata, don ni mutum ne mai saurin hawa. A bakinsa kuwa daɗi ya yi mini.

A kan tabarmar nan na fara ba da labarin mai ɗakina da Hausa tun bayan rasuwarta. Masu ta'aziyya duk da Larabci suka yi, na amsa da Larabci, kuma maganar ba ta taɓa inda ke ciwo ba. Shi na gaya wa yadda take kiran motar kishiyar da ba ta girki, yadda take ɓoye mini goro don haƙorana. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya fasa ɗan guntun ƙanƙara ya jefa a moɗa ya miƙo mini, ya ce tasa matar ita ma bakinta ba ya shiru, kuma shirun nan da yake samu yanzu bai ga amfaninsa ba.

Sai in bayyana wani abu, don yaran yanzu ba za su gane ba. A tarbiyyar da aka yi mana, dattijo ba ya zuwa wurin neman abincin wani ya baje ba dalili. Ba a cewa na zo hira, sai ka ce marar aikin yi. Shi ma baƙo mai rumfar zana ba zai tsayar da mai mota da gona ya ce zo ka zauna ba, kada a ce yana neman wani abu. Amma wanda mota ta mace wa a rana, wannan baƙon Allah ne. Dole a shimfiɗa masa tabarma, dole ya zauna, ba mai tambayar dalili. Zafin gwangwanin nan shi ne dalilina, kuma ban da shi ba ni da wani.

To, baki ba ya ajiya. Wani ɗan kabu-kabu, klando muke ce musu, ya gaya wa 'yata da ke aure a Gassi cewa kullum yana ganin ubanta a bakin titi da buɗaɗɗen banet. Ran Asabar sai ga mijinta. Yaro ne mai ladabi, ma'aikacin ofis. Ya durƙusa nesa, ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya ce ya yi magana da wani gwani, in na yarda yau za a duba motar. Da ɗana ne da na ce ya tafi ya ba ni wuri. Amma suruki ba a ja-in-ja da shi, ba a ma haɗa ido sosai. Na ce Allah ya yi albarka, na ɗauko makulli, raina yana tafasa.

Makaniken da ya kai ni wurinsa mutum ne mai ƙiba, ya manyanta, garejinsa cike da gawarwakin motoci irin tawa. Bai ko tada injin ba. Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ɗora a kan ƙananan kunnuwan kwayil ɗin, ya juyo mini da fuskarta.

"Abba, ka gani? Ɗaya da rabi. Motarka uku take so."

Na ce uku na me. Ya yi mini bayani da Larabci yana yayyafa Faransanci. Ya ce kowane kwayil yana da taurin da yake tare wuta da shi, kuma wannan taurin na'urar take aunawa. Akwai mai tauri uku, wanda zai sha wutar batir kai tsaye ya zauna lafiya. Akwai mai ɗaya da rabi, shi kuma ba a barinsa shi kaɗai, sai an sa masa wani abu a gaba ya rage masa wutar. In babu, sai ya yi ta zuƙa fiye da cikinsa, ya yi zafi, wutarsa ta yi rauni, mota ta mace. In ya huce ya farfaɗo, har ranar da ba zai farfaɗo ba. Ya buɗe kan delko, mai raba wa fulogi wuta, ya nuna mini platin, wanda 'yan Najeriya ke kira kwantak, 'yan leɓɓan ƙarfe biyu masu buɗewa da rufewa suna yanka wutar. Fuskarsu ta yi shuɗi ta rarake. Ya ce wannan ma aikin yawan wutar ne.

Ya shiga ciki ya fito da wani farin abu kamar guntun sabulu, amma dutse, mai kunnuwa biyu. Ya ce tun daga masana'anta motar da irinsa ta zo, wani ne ya cire shi shekarun baya da ya sa kwayil mai uku. Ya kai shi jikin ƙarfe, ya ɗaure da sukurori biyu. Ina tsaye ina kallo. Ramukan nan ne, waɗanda mai ƙanƙara ya shafa da yatsa ranar farko.

Nan take na gane. Mutumin da ya yi tuƙin irin waɗannan motoci tun kafin a haifi surukina, ya ga kwayil yana ƙuna, ya sa yatsa a inda dutsen ya kamata ya kasance, sannan ya koma ya warware tabarma. Ya sani. Duk bazarar nan ya sani. Surukina yana ta godiya ga makanike, ni kuwa ko amin ban iya cewa da kyau ba.

Ran Litinin motar ta haye gada tana waƙa. Na hango darbejiyar, na hango shi ya miƙe da tsumma. Na jira tarin, bai zo ba. Ƙafata ta rasa abin da za ta ce wa birki. Na danna ham, ya ɗaga hannun da tsumman yake ciki, na wuce. Na isa gona da wuri irin wanda ban taɓa yi ba, na zauna a kan kunya ina kallon kuɓewa. Ban tsinke ko ɗaya ba.

Ran Alhamis na ce yau sai na tsaya, ko me za a ce a ce. Na tsaya, na kashe mota da hannuna, na fito. Ya taso muka gaisa.

"Ta warke ke nan," ya ce. "Madalla. Allah shi ƙara lahiya."

Na ce amin. Muka tsaya. Tabarmar tana naɗe a jingine da dirka, ina ganinta, yana ganinta. Mota lafiyayya tana bakin titi, kowa ya san mai ita yana da inda za shi. Wata mata ta zo da bokiti, ya juya ya sallame ta, ya dawo, muka sake gaisawa kamar ba mu yi ba. Sai na ji bakina ya ce, "A ba ni ƙanƙara." Ya dube ni, ya ɗauki zarto ya yanko. Ya ce in bar kuɗin, na ce sam, ya ce sam, na ajiye a kan buhu na juya. Abin da ya fi komai muni ke nan, na mayar da kaina mai ciniki. Kafin in isa Toukra rabinta ta tsiyaye a bayan mota, sauran na ba kuɓewa.

Daga nan na koma danna ham. Wani lokaci ma sai in ga bai ɗago ba, yana fama da buhuna. Na koma gidana na da, mai tsit. In yi salla, in dafa shayi, in zuba kofi ɗaya. 'Yata ta kira ta ce ta ji daɗi yanzu hankalinta ya kwanta. Na ce nawa ma. Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma ya taɓa gaya mini cewa in damina ta sauka cinikin ƙanƙara yakan mutu, ɗan ƙaninsa yana so ya mayar da shi gadin wani kango a Gassi. In ya tafi can, ban san ƙofar da zan buga ba, domin ko inda kangon yake ban tambaya ba. Na ji tsoro sosai, irin tsoron da ban ji ba tun jinyar mai ɗakina a asibiti.

Wata safiyar Litinin, bayan an yi ɗan yayyafi, na buɗe banet a tsakar gida. Ni ba makanike ba ne, amma wanda ya shekara yana bin zare ya san inda ya shiga da inda ya fita. Waya ɗaya ta zo daga makulli ta shiga kunnen dutsen, wata ta fita ta ɗaya kunnen ta tafi kwayil. Na kwance ta biyun na haɗa ta da ta farkon a kunne guda, don wutar ta tsallake dutsen. Akuya tana kallona.

Na kama hanya ina abin da ban taɓa zaton zan yi ba, ina roƙon Allah mota ta lalace. Amma garin da sanyi, gadar kuma ranar ba cunkoso. Na iso darbejiya, ko atishawa ba ta yi ba. Na wuce ban danna ham ba, na je gaba na juyo, na sake haye gada zuwa cikin gari, na zaga, na sake dawowa. Ɗan sandan bakin gada ya bi ni da kallo. A dawowar nan ne, rana ta ɗan ɗaga, ta yi tarinta biyu ta mace, nesa kaɗan da rumfar. Na fito ina tura ta da kafaɗa, hannu ɗaya a sitiyari, numfashina yana fita da ƙyar. Sai na ji motar ta yi sauƙi. Shi ne a baya yana turawa.

Muka kai ta inuwa. Na buɗe banet ina cewa ban san me ya same ta ba kuma, gyaran yaran yanzu sai a hankali. Ya leƙa rumfa ya dawo. Ya naɗa tsumma, ya yi cuu. Sannan ya sunkuya ya ƙura wa farin dutsen ido, ga wayoyi biyu a kunne ɗaya, ɗaya kunnen tsirara. Ya daɗe a sunkuye. Ni kuwa ina kallon titi, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Ya zaro wuƙar da yake yanka igiyar buhu, ya sa bakinta ya kwance sukurin, ya mayar da wayar inda take, ya ɗaure tamau.

"Kwayil ɗin ga bai yi maka laihin komi ba, Alhajin rabin hanya. In ka ƙone shi, ba lalle ka samu irinai ba."

Na ce, "Kai ai tun ranar farko ka san ciwonta."

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya goge wuƙar a gefen riga. "Ba ka tambaye ni ba. Kuma tabarmag ga ta yi mani yawa ni ɗai."

Ya je ya warware ta. Da na zauna sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Daga yau in ka zo, buɗe banet kawai. Wa za shi zo shi taɓa shi ji ko da zahi?"

Damina ta sauka, ciniki ya ja baya, amma ya ce wa ɗan ƙaninsa gadin kango ba aikinsa ba ne, ya ƙara da sayar da gawayi a gefe. Har yau Litinin da Alhamis ina tsayawa ƙarƙashin darbejiyar. In kashe mota, in buɗe banet, shi kuma ya jiƙa tsumma ya naɗe kwayil ɗin da ɗumi kawai yake yi, ba ya ko cewa cuu. Masu wucewa suna yi mini jaje, suna cewa Abba ka sayar da ita ka huta. Nakan amsa musu da Larabci in ce sai haƙuri, sannan in juya in ci gaba da Hausata.